Tsohon doki sai mai shi? Labarin dokin sukuwa bayan ya bar fage

A filinmu na tarihi na wannan mako mun ɗauko maganar da ta shafi turke, ta kuma shafi aljihu. Ga taƙaitawarta a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu, ko yana jiran layi a shingen duwan.

Ka san yadda abin yake faruwa. Doki ya yi shekara uku ko huɗu yana cin tsere a Garwa ko Marwa, yara sun haddace sunansa, mai shi yana tafiya yana ɗaga kafaɗa. Ran nan sai ya zo na huɗu, wata rana na shida. Dawa da harawar da yake ci ba su ragu ba, amma kyauta ta daina shigowa. Sai a kira dillali. Daga nan hanya biyu ce a gabansa. Ko ya faɗa hannun wanda zai ɗaura masa sirdi ya koya masa sabon aiki, ko ya faɗa hannun wanda ke auna shi da ido kamar sa, a loda shi a babbar mota zuwa kudancin Nijeriya, inda kasuwanni irin na Obollo-Afor a jihar Enugu ke karɓar dawakin yanka. Dokin da bai wuce shekara 8 ba, wanda idan an kula da shi zai iya haura 20, sai ya ƙare a kan teburin mahauci.

Hausawa na cewa tsohon doki sai mai shi. Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa maganar tana da gyara. A cikin shekara 200 doki ya sake sana'a a yankin Garwa har sau uku ko huɗu, kuma kowane karo ya rayu ne saboda an sami masu haƙurin sake masa tarbiyya.

Dokin yaƙi

Fulanin da suka fara sauka a bakin Binuwai da shanu suka zo, makaminsu kwari da baka. Ko a can ƙasar Hausa, ranar yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ba su wuce kamar ashirin ba. Masu dawaki a wancan zamani su ne Barno da Mandara. Tun farkon ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa sarkin Barno yana sayen doki ɗaya daga fataken arewacin Afirka da bayi 15 zuwa 20. A 1823 kuma wani Baturen Ingila mai suna Dixon Denham ya isa Mora, ya ga barden sarkin Mandara a kan manyan dawaki, ya yi ta yaba su.

Da Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809 ya kafa ƙasar da ake kira Fombina, wato kudu da Fulatanci, sai buƙatar doki ta taso. Ya zauna a Yola a 1841, kuma lamidonin da ke ƙarƙashinsa, daga Garwa da Marwa har Ngaundare, kowa ya tara barga. Ingarma mai ɗaukar lifidi, mahayi da sulke da kwalkwali, shi ne abin da ke raba mai mulki da wanda ake mulka. Sai dai ƙasar ba ta riƙe doki da sauƙi. Idan ka gangara kudu cikin kurmi da bakin rafuka, tsando yana nan da cutar sammore. Don haka kullum sai an sake sayowa daga Barno da Mandara da ƙasar Hausa, ana biya da bayi da hauren giwa. Wannan ɓangare na tarihin ba abin alfahari ba ne, amma haka ya faru. Abin lura a nan shi ne, cinikin doki a tsakanin ƙasashen nan ya girmi iyakar da kake tsallakawa yau.

A wancan tsari doki ba ya yin ubangida ɗaya har mutuwarsa. Lamido ya hau shi, ya ba wani hakimi kyauta, hakimi ya ba baransa, bara ya yi aike da shi. Yana sauka daga mataki zuwa mataki gwargwadon ƙarfin da ya rage masa. Sake hannu ba wulaƙanci ba ne ga doki, al'ada ce.

Ranar da bindiga ta kori ingarma

A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fice ya nufo gabas. A watan Nuwamba ya haɗu da rundunar Jamus a kusa da Garwa, aka fatattaki mayaƙansa. A Janairun 1902 aka sake gwabzawa a kusa da Marwa, mahaya suka yi ta faɗuwa a gaban bindiga mai ruwan harsashi. Zubairu ya rasu a 1903. Bayan ƴan shekaru Turawan suka juya kan junansu, Jamusawan da ke Garwa suka miƙa wuya ga Ingila da Faransa a watan Yuni na 1915.

To ka tambayi kanka, ina dawakin yaƙi suka tafi? Ba a yanka su ba. Fada ta ba su sabon aiki. Sukuwar da ake yi a kan abokan gaba, a ja linzami a tsaya cak, ita ce ta koma jahi, gaisuwar da mahaya ke kai wa sarki. A Nijeriya muna cewa hawan sallah, a Kamaru ana cewa fantaziya. Lifidin yaƙi ya zama kayan ado. Har yau idan ka je Rai Buba, ko Demsa a Gashiga da ke kan hanyar Garwa zuwa iyaka, inda fada ta keɓe gidan tarihi na doki, za ka ga wannan gado da idonka. Ranar sallah da ranar 20 ga Mayu mahayan lamido na fitowa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Wannan shi ne sauyin sana'a na farko, daga fagen fama zuwa ƙofar fada.

Fagen tsere da filin folo

Sukuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, samari sun daɗe suna gwada dawakinsu a bayan gari. Abin da Turawa suka kawo shi ne fili mai zagaye, nisa mai awo, alƙalai da kyautar kuɗi. Dandalin Tafawa Balewa na Legas asalinsa filin sukuwa ne, haka dandalin Murtala na Kaduna. Suka kuma kawo folo, wasan ƙwallon doki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi wasannin biyu, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya kai maki 7 a folo, matakin da kaɗan ne suka taɓa hawa a Afirka ta Yamma.

Wannan ya buɗe sabuwar kasuwa. Masu tsere da ƴan folo a Kano, Katsina, Kaduna da Yola suna son doki dogo mai sauri, kuma irin wannan daga gabas yake fitowa, Cadi da Sudan. Arewacin Kamaru na tsakiya, don haka ya zama mashiga kuma mahaɗa. Ko da ƙuri'ar Fabrairun 1961 ta sa Mubi da maƙwabtanta suka bi Nijeriya, Garwa tana Kamaru, doki bai daina tsallakawa ba. Abin da ya taɓa girgiza hanyar sosai shi ne rikicin Boko Haram, har ta kai a 2015 sojoji sun hana hawan doki a jihar Barno.

Amma dokin tsere ya zo da matsalar da dokin fada ba shi da ita. Aikinsa gajere ne. Ana fara gudu da shi yana ƙarami, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kuma da zarar sauri ya ragu kaɗan, ya tashi daga aiki. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Ingila sai da hukumomin tsere suka kafa ƙungiya ta musamman a shekarar 2000 domin sake horar da dawakin da suka bar fage, Faransa ma ta bi sahu a 2016. Mu ba mu da irin wannan ofis. Ofishinmu shi ne dillali, da mai saye, da mai sayarwa.

Garma, amalanke da babur

Akwai sauyi na uku da manoma suka fi sani. Da noman auduga ya kankama a arewacin Kamaru daga shekarun 1950, sannan aka kafa Sodecoton a 1974 da hedkwata a Garwa, an yaɗa huɗa da dabbobi. Shanu ne a gaba, sai jakuna, sai kuma doki. Kurun mutanen Musey na bakin kogin Logone, gajere mai jure wahala da cizon tsando, ya shiga garma ya kuma yi kyau a ciki. Daga baya babur ya zo ya karɓe aikin aike da zirga-zirgar kasuwa.

Na kawo wannan ne don ka gane cewa ba kowane aiki ne na kowane doki ba. Kada ka ɗauki dogon dokin tsere mai siraran ƙafafu ka ce zai ja garma ko amalanke kamar kuru. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, haka garma ta fi ƙarfin agararsa. Ayyukan da suka dace da shi su ne hawan sallah, kilisa, hawan angwanci, folo idan ƙafafunsa lafiya suke kuma bai tsufa ba, zagayen garke ga makiyayi mai hali, ko a ajiye shi domin iri.

Abin da ya sani da abin da bai sani ba

Kai mai son saye, ka fara sanin wane ne za ka kai gida. Dokin tsere abu ɗaya aka koya masa, in an sake shi ya wuce na gabansa. Mahayin tsere yana riƙe linzami da ƙarfi, dokin yana jingina bakinsa a kai yana gudu. Saboda haka idan ka ja don ya tsaya, shi a saninsa cewa ka yi ya ƙara wuta. Ya saba zagaya fili ta gefe guda, juyawa ta ɗaya gefen tana yi masa wuya. Bai saba da tsayuwa a cikin jerin gwano ba, bai san kakaki da algaita da ƙarar bindigar gargajiya a kusa da kunnensa ba. Bayansa ya saba da ɗan ƙaramin sirdi da yaro mara nauyi, ba sirdin gargajiya da jalala da babban mutum mai rawani ba. Galibin dawakinmu kuma ba a fiɗiye su, to ingarman da ya cika da hatsi idan ya ji ƙanshin goɗiya a taro, sai Allah.

Wanda ya sayi irin wannan doki ana saura kwana goma sallah ya ce da shi zai yi hawa, yana wasa da ransa da na yaran da ke bakin hanya. Masu barga na da sun san cewa sai an sauke doki kafin a sake ɗora shi. Ka ba shi hutu na wata ɗaya zuwa uku. Ka rage hatsi a hankali, kada ka yanke rana ɗaya, domin sauyin abinci farat ɗaya yana kawo ciwon ciki mai kisa. Ka yawaita ciyawa da harawa, ga ruwa, ga ƴar kanwa. Ka riƙa jan shi da ragama ta cikin gari, ya ga babur, ya ga tumaki, ya ji ganga daga nesa kafin ya ji ta kusa. Idan ka fara hawa, tafiya kawai, ku biyu da wani tsohon doki mai sanyin hali. Ka koya masa tsayawa da murya da zaman jikinka kafin ka sa masa linzamin gargajiya mai kaifi, in ba haka ba za ka fasa masa baki ka mai da shi mai tsalle. Sirdi ma a fara da mara nauyi, kana duba bayansa kullum.

Kafin ka ce ka saya

Dokin mai baki ya fi gudu, don haka kada ka sayi labari, kada kuma ka yi cinikin biri a sama ta hoton waya. Je ka gan shi da sassafe, kafin a motsa shi. Shafa ƙafafun gaba daga gwiwa zuwa kofato. Agarar lafiya tana nan siririya, a miƙe, da sanyi. Idan ka ji zafi ko kumburi, ko ka ga ta yi doro ta baya kamar baka, tsohon rauni ne, kuma shi ne ya fi fitar da doki daga tsere. Irin wannan zai iya kilisa da hawa a hankali, amma ba folo ba. A sa shi sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Idan yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, ita ce mai ciwo. A yi ɗan gudu da shi ka saurari numfashinsa, ko yana fito ko gurnani. Duba kofato ko ya tsage, duba gadon baya ko akwai gyambo ko farin gashi na tsohon miki.

Sai haƙora. Doki yana gama sake haƙoran gaba a shekara 5. Baƙin ramin da ke kan haƙoran ƙasa yana gogewa bi da bi, na tsakiya wajen shekara 6, na kusa da su 7, na gefe 8. Daga nan haƙoran suna ƙara tsawo suna karkata gaba. Wanda ya ce maka dokinsa shekara 6 ne alhali ramukan duk sun shafe, ka san inda ka ajiye maganarsa.

Abu na ƙarshe, allurar kashe zafi tana ɓoye ɗingishi na yini ɗaya ko biyu. Maganin wannan shi ne sharaɗi. Ku yi magana a gaban shaidu cewa dokin zai kwana uku a turkenka kafin a cika kuɗi. Mai gaskiya ba ya tsoron kwana uku.

Kai kuma mai sayarwa

Wannan dabba ta ɗaga sunanka a gari, tana da haƙƙi a kanka. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ko ka ajiye maganar shari'a, lissafin kasuwa ma haka ya nuna. Duniyar dawaki ƙarama ce. Daga Garwa zuwa Yola, daga Marwa zuwa Mubi, masu barga sun san juna, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka sayar da gurgu ɗaya a matsayin lafiyayye, duƙushi goma da za ka kawo nan gaba za su yi kwantai.

Ka faɗi dalilin da ya sa ya bar fage. Ka faɗi abin da yake tsoro, da abin da yake ci, da allurar da aka taɓa yi masa. Kada ka sa masa farashin kofin da ya ci shekara uku da suka wuce, domin mai saye ba kofi zai hau ba. Kuma kada ka jira sai ya rame. Mutane da yawa idan doki ya daina kawo kuɗi sai su janye masa hatsi da kulawa, bayan wata huɗu haƙarƙari ya fito, a lokacin kuwa babu mai taya shi sai mai motar kudu. Ka sayar da shi yana da tsoka, ko ka sauke shi da kanka na wata biyu, kuɗinsa zai ƙaru. Ka kuma tambayi dillali wane ne mai sayen, me zai yi da shi. Idan amsar ba ta kwanta maka ba, kalmar albarka ba ta da tsada.

Idan za a tsallaka da shi

Ku fatake kun fi kowa sanin hanya, amma doki ba buhun masara ba ne. Ka nemi takardar likitan dabbobi da takardar ciniki mai sunan shaidu da kamannin dokin, akawali ne ko kili ko danda, da duk wata alama a goshi ko ƙafa. Ita ce za ta raba ka da zargin sata a gaban jandarma ko kwastan. A rubuta kuɗin a fili, sefa ne ko naira, da canjin ranar, da wanda zai biya la'ada. Garwa na da babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET da ke Bokle, wanda aka kafa a 1983, kuma akwai ma'aikatan dabbobi a manyan kasuwanni irin su Adumri. Tambaya ba ta da kuɗi kamar asara.

Ka guji tafiyar damina idan da hali. A lokacin ne ƙananan ƙwarin da ke cizo da magariba suke yaɗa annobar dawaki mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, kuma ta fi kama baƙin dawaki masu jinin waje. Kada ka yada zango a kurmin bakin rafi inda tsando yake. A mota kuwa, a shimfiɗa yashi ko ciyawa, a tsaya a ba shi ruwa, kada a cusa shi cikin shanu masu ƙaho.

Jama'a, ingarman da ya tsira daga Marwa a 1902 bai san jahi a ƙofar fada zai zama aikinsa ba, mutane ne suka koya masa. Dokin da ya zo na shida a tseren bana ma haka yake, yana da sauran shekara goma ko fiye a jikinsa. Abin da zai same shi ya rataya ne a kan kalma biyu ko uku da za a faɗa a gindin turke ranar ciniki. Idan kana da labarin dokin da ya bar fage ya kama sabon aiki a garinku, ka aiko mana ta hannun wakilinmu na kasuwa, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a turke da garke.